Yadda ake share sawu da ragowar fayiloli a kwamfutar da hannuwa da yawa ke taɓawa

A lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a na raka ɗan yayana wani shagon kwamfuta a wajen Mabera, cikin garin Sakkwato, domin ya fitar da takardar shaidar rajistarsa. Da ya sauke takardar sai ta ɓace masa, ya rasa inda ta shiga, don haka na karɓi linzamin na buɗe foldar da ake tara abubuwan da aka sauke daga intanet. Abin da na tarar a ciki ya fi takardar da muke nema yawa: katunan NIN na mutanen da ban taɓa gani ba, hotunan fasfo, bayanin shige da ficen kuɗi na asusun wani bawan Allah, har da sakamakon gwajin asibiti na wata baiwar Allah mai ɗauke da cikakken sunanta. Na yi wa yaron shagon magana, sai ya ce, "Malam, ai kullum da marece muna goge tarihin wagga kwamfuta." Gaskiya ya faɗa, domin da na duba tarihin burauzar, wato manhajar shiga intanet, na same shi wayam. Sai dai tarihin da yake gogewa shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikin abubuwan da mutum ke bari a baya.

Sawun mai amfani da kwamfuta yana zama a wurare uku, kuma share ɗaya ba lallai ne ya taɓa sauran biyun ba. Akwai abin da burauza ke riƙewa, akwai abin da ita kanta kwamfutar ke adanawa a foldodinta, sannan akwai asusun da mutum ya shiga bai fita ba. Bayanin da ke tafe ya shafi kwamfuta mai Windows 10 ko 11, wadda ita ce aka fi samu a shaguna da ofisoshin Sakkwato, kuma na bar sunayen maɓallan kamar yadda suke a rubuce a fuskar kwamfutar domin mai bi ya gane su da ido.

Mataki na farko shi ne fita daga kowane asusu, kuma wajibi ne a yi shi kafin a goge komai. Dalili kuwa shi ne, idan mutum ya shiga Chrome da asusunsa na Google har burauzar ta haɗe da wayarsa, duk abin da ya goge a kwamfutar shagon zai goge a wayar tasa ma. Saboda haka a Gmail sai ka danna hotonka da ke sama ta hannun dama ka zaɓi "Sign out". Bayan ka fita, adireshinka zai ci gaba da bayyana a jerin asusun da aka taɓa shiga da su, sai ka danna "Remove an account" ka cire shi. Idan kuma ka lura hotonka ya hau can saman burauzar kanta, kusa da ɗigo ukun nan, to an buɗe maka gurbi na musamman a cikinta, kuma sai ka shiga wurin sarrafa gurabun masu amfani ka goge naka gaba ɗaya.

WhatsApp ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne hanyar da kusan kowa ke bi wajen tura takarda daga waya zuwa kwamfutar shago. Mutum ya haska lambar da ke fuskar kwamfuta da wayarsa, ya sauke takardarsa, ya biya kuɗin firintin, ya hau babur ya tafi, alhali duk saƙonninsa na iyali da na kasuwanci suna nan a buɗe, kuma sababbi na ci gaba da shigowa a gaban duk wanda ya zauna bayansa. Rufe shafin ba fita ba ce. Fita ta gaskiya ita ce ka ɗauki wayarka, ka buɗe WhatsApp, ka shiga "Linked devices", ka taɓa sunan kwamfutar, ka danna "Log out". Alherin wannan hanya shi ne tana aiki ko da ka riga ka isa gida a Arkilla ko Runjin Sambo kafin ka tuna. Haka ma Google da Facebook suna da irin wannan jeri: a Google yana ƙarƙashin sashen tsaro na myaccount.google.com, inda aka rubuta "Your devices", a Facebook kuma ana kiransa "Where you're logged in". Duk na'urar da ba ka gane ba a jerin, ka fitar da ita.

Sai a zo kan burauza. A Chrome da Edge da Firefox duka, danna Ctrl da Shift da Delete a lokaci guda yana buɗe akwatin share bayanai kai tsaye, ba sai an yi ta laluben menu ba. Abu na farko da za a duba a akwatin shi ne tsawon lokacin da ake son sharewa. A Chrome ana iya zaɓar awa guda da ta wuce, ko awa 24, ko kwana 7, ko mako 4, ko kuma tun farko. Idan kwamfutar ta wani ce, ladabi da hankali su ne ka zaɓi iya lokacin da ka zauna, kuma ka sanar da mai shagon abin da za ka yi, domin yana iya kasancewa yana da shafukan da ya shiga na aikinsa, kamar na biyan kuɗi ko na rajistar ɗalibai, waɗanda fitar da shi daga cikinsu zai ɓata masa ciniki. Idan taka ce, kana iya zaɓar "All time".

A ƙarƙashin lokacin akwai akwatuna, kuma yana da kyau mutum ya san abin da kowanne ke nufi maimakon ya yi ta danna su a makance. "Browsing history" shi ne jerin shafukan da aka ziyarta, wanda ake gani idan aka danna Ctrl da H. "Cached images and files" kwafi ne na hotuna da sassan shafuka da burauza ke ajiyewa domin shafi ya yi saurin buɗewa a karo na biyu. Share shi ba ya cutar da komai, illa dai shafukan za su ɗan ci data a buɗewar farko. Wanda ya fi su muhimmanci shi ne "Cookies and other site data". Kukis ɗan ƙaramin bayani ne da shafi ke bai wa burauza bayan mutum ya shiga da kalmar sirrinsa, domin kada a sake tambayarsa a kowane shafi. Misalinsa kamar katin da mai tsaron babura ke miƙa maka a ƙofar babbar kasuwa: duk wanda ya zo da katin, shi za a bai wa babur, ba a tambayar ko shi ne ya ajiye. Wanda ya goge tarihi ya bar kukis ya share sawun ƙafarsa ne kawai ya bar katin a kan benci.

Akwai ƙarin akwatuna biyu da ake samu a sashen da ya fi zurfi na wannan akwati. Ɗaya shi ne "Autofill form data", wato sunaye da lambobin waya da adireshi da burauza ke tunawa tana cike fom da kanta. Shi ne ke sa idan ka fara rubuta sunanka a fom ɗin makaranta sai sunayen waɗanda suka riga ka su zubo. Ɗayan kuma "Download history" ne, kuma a nan ne yaron shagon nan ya ruɗe: share shi yana goge jerin sunayen abubuwan da aka sauke ne kawai, fayilolin kansu suna nan daram a foldarsu.

Kalmomin sirri suna da nasu wuri. Duk lokacin da mutum ya shiga wani asusu, burauza takan tambaye shi ko ta adana kalmar, kuma da yawa daga cikinmu muna danna "Save" cikin gaggawa domin akwatin ya kauce. A rubuta chrome://password-manager a wurin adireshi idan Chrome ce, ko about:logins idan Firefox ce, a duba ko akwai naka a jerin, a goge shi. Idan ka tarar da shi a kwamfutar da ba taka ba kuma ya kwana a can, gogewa kaɗai ba ta isa ba, sai ka canza kalmar daga wayarka.

Wanda ya san zai zauna a kwamfutar wani zai rage wa kansa duk wannan wahala idan tun farko ya buɗe tagar sirri, da Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge, ko Ctrl da Shift da P a Firefox. Da zarar an rufe dukkan tagogin sirrin, tarihi da kukis da bayanan fom na wannan zama suna tafiya da su. Sai dai kada sunan ya yaudari kowa: fayil ɗin da aka sauke a tagar sirri yana zama a kwamfutar, kuma mai intanet ɗin wurin, ko shago ne ko ofis ko makaranta, yana iya sanin shafukan da aka shiga. Haka nan idan ka yi bincike kana cikin asusunka na Google, binciken na iya shiga asusun komai irin tagar, kuma ana share wannan ne a myactivity.google.com, inda har za a iya saita shi ya riƙa goge kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36.

Daga nan sai a rufe burauza a koma cikin kwamfutar kanta, inda ainihin kayan suke. Danna madannin Windows da E yana buɗe ma'ajiyar fayiloli. A duba Downloads da Desktop da Documents da Pictures ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowacce a jera fayilolin bisa kwanan wata domin na yau su hau sama. Takardun da aka yi wa sikanin sukan faɗa wata folda a cikin Documents ko Pictures, gwargwadon manhajar da shagon ke amfani da ita, saboda haka idan an yi maka sikanin takardar haihuwa ko ta shaidar ƙaramar hukuma, ka tambayi mai shagon inda ta shiga, ka tsaya a goge ta a gabanka. Ka goge naka kawai. Na sauran mutane amana ce da ke wuyan mai shagon, kuma wataƙila wani zai dawo neman nasa. Idan an zaɓi fayil aka danna Delete shi kaɗai, yana komawa kwandon shara ne, inda kowa zai iya maido shi da dannawa biyu. Shift da Delete tare su ne ke tsallake kwandon. Idan an riga an yi amfani da Delete, sai a buɗe "Recycle Bin" a sake goge shi daga can.

Wani wuri da kusan ba wanda ke tunawa da shi shi ne layin firinta. Yakan faru ka tura takarda, kafin ta fito a ɗauke wuta ko takarda ta maƙale, ka gaji ka tafi wani shagon. Aikin da ka tura yana nan yana jira a layi, kuma da an tayar da janareta zai fito a hannun wanda ke zaune a lokacin. Kafin ka tashi, ka danna ɗan hoton firintar da ke ƙasa kusa da agogo, ko ka shiga "Printers & scanners" ka buɗe layin, ka soke duk aikin da ke ɗauke da sunan takardarka.

Ko bayan fayil ya tafi, sunansa yakan saura a jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan, kuma wani lokaci sunan kaɗai ya isa tona asiri. Danna madannin Windows da R, ka rubuta recent, ka danna Enter. Abin da zai fito gajerun hanyoyi ne zuwa fayiloli, don haka goge su ba ya taɓa fayilolin kansu. A cikin ma'ajiyar fayiloli kuma akwai "Options", inda a sashen "Privacy" ake danna "Clear". Word da Excel suna da nasu jerin, wanda ake cire suna daga cikinsa ta danna ɓangaren dama na linzami a kan sunan a zaɓi cirewa. Sannan a danna madannin Windows da V: idan an kunna tarihin kwafi a kwamfutar, duk abin da ka kwafa, har da lambar BVN ko kalmar sirri, zai bayyana a jere, sai ka danna "Clear all".

Matakan da suka rage na mai kwamfutar kansa ne, ko mai shagon da ke son tsabtace nasa injinan. Manhajoji suna zubar da fayilolin wucin gadi yayin aiki, kuma a cikinsu akan samu kwafin takardar da aka buɗe kai tsaye ba tare da an adana ta ba. A rufe duk manhajojin da ke buɗe, a danna Windows da R, a rubuta %temp%, a danna Enter, sannan Ctrl da A domin zaɓar komai, sai Shift da Delete. Kwamfutar za ta ce wasu fayilolin ana amfani da su, sai a danna "Skip" a bar su. Hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya son wannan ita ce shiga Settings, sai System, sai Storage, sai "Temporary files". A nan a karanta kafin a zaɓa, domin foldar Downloads tana cikin jerin, kuma na san wanda ya yi asarar babi uku na kundin kammala karatunsa saboda ya zaɓi kowane akwati ba tare da ya duba ba. A shafin nan ne kuma ake kunna "Storage Sense", wanda ke iya zubar da kwandon shara da kansa bayan kwana 1 ko 14 ko 30 ko 60. Ga mai shago, saita shi a kan kwana 1 ya fi dogaro da tunawar yaron shago, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta hana a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu.

Game da manhajojin sharewa da ake tallatawa, ra'ayina shi ne yawancin mutane ba sa buƙatarsu, domin kayan da Windows ta zo da su sun wadatar. A 2017 ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner, nau'i na 5.33, kuma sama da mutum miliyan 2 suka sauke ta daga tushenta na asali. Idan wannan ya faru da sananniyar manhaja, ina ga wadda aka kwaso a filashin aboki ko aka sauke daga shafin da ba a san mai shi ba? Wanda ya ga lallai sai ya yi amfani da ɗaya, BleachBit kyauta ce, amma ya sauke ta daga shafinta na ainihi, kuma ya duba abin da za ta goge kafin ya ba ta izini.

Saura batun da ya fi ba mutane mamaki, wato fayil ɗin da aka goge har daga kwandon shara bai tafi ba tukuna. Abin da Windows ke yi kamar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya a littafinsa ya ce ɗakin babu kowa, alhali kayan suna ciki har ranar da sabon ɗan haya zai zo ya cika ɗakin da nasa. Kafin wannan rana, manhaja irin Recuva tana iya dawo da fayil ɗin, kuma masu gyaran kwamfuta sun san wannan sarai. Haka abin yake a filashi da katin ajiya, waɗanda abin da aka goge a cikinsu ma ba ya bi ta kwandon shara. Maganin ya danganta da irin faifan ajiyar kwamfutar, kuma ana gane shi ta rubuta "Defragment and Optimize Drives" a wurin bincike, inda za a ga ko tsohon faifai ne mai juyawa ko SSD, wato sabon nau'in da ba ya juyawa. Idan mai juyawa ne, a buɗe "Command Prompt" da ikon mai gudanarwa, wato "Run as administrator", a rubuta cipher /w:C:\ a danna Enter. Wannan umarni ba ya taɓa fayilolin da ke nan, yana bin wurin da babu komai ne yana rubutu a kansa sau uku. Yana iya ɗaukar awoyi, saboda haka a jona caja, a ɗora kwamfutar a kan tebur inda iska ke ratsa ta, musamman a zafin bazarar Sakkwato, kada a ajiye ta a kan katifa. Idan SSD ce, ita da kanta take share gurabun da aka goge ta hanyar tsarin da ake kira TRIM, don haka wannan umarni ba shi da amfani sosai a kanta, sai dai ya ƙara mata gajiya.

Akwai abin da duk wannan shara ba ta magani. Idan an sa wa kwamfutar shago manhajar da ke naɗar duk abin da aka buga a madannai, kalmar sirrinka ta riga ta fita tun kafin ka goge komai. Don haka harkar banki a bar ta a waya, kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da WhatsApp da Facebook, ta yadda kalmar sirri ita kaɗai ba za ta buɗe asusun ba.

Idan kuma kwamfutar za ta bar hannunka gaba ɗaya, ko sayar da ita za ka yi ko ba ƙanenka da ya samu gurbin karatu, kada ka tsaya bin foldodi ɗaya bayan ɗaya. Ka kwashe abin da kake buƙata zuwa wani faifan, ka buɗe kaɗan daga ciki a wata kwamfutar domin ka tabbatar sun kwafu lafiya, sannan ka shiga Settings. A Windows 11 hanyar ita ce System, sai Recovery, sai "Reset PC"; a Windows 10 kuma "Update & Security", sai Recovery. Ka zaɓi "Remove everything", sannan ka danna "Change settings" ka mayar da "Clean data" zuwa "Yes", domin idan ba a kunna wannan ba, gogewar ta sama-sama ce. Aikin yakan ɗauki awoyi kuma kwamfutar za ta kashe kanta ta kunna sau da yawa, don haka a fara shi da cikakken caji kuma a bar caja a jone. Idan ta gama, za ta tsaya a shafin da ke tambayar ƙasa da harshe; a nan za ka kashe ta, ka leƙa gefenta ka tabbatar ba ka bar katin ajiya ko filashi a jiki ba, sannan ka miƙa ta.